Bishara a ƙofar maƙwabci: zaman Kiristocin Adar da ƴan'uwansu Musulmi

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram, in ya wuce Birnin Ƙwanni bai kai Madawa ba, sai ya ratsa Galmi. Abu biyu sunka fid da sunan wannan gari. Na farko albasa, wadda ake loda wa manyan motoci ana kai ta har bakin teku. Na biyu gidan likita na ƴan mishan, wanda anka buɗe a shekara ta 1950. Daga Madawa, da Buza, da Keita, da kwarin Majiya, har daga ƙetaren iyaka cikin Nijeriya, mutane na ɗauko majinyatansu su nufi Galmi. Kusan dukansu Musulmi ne. Masu gidan likitar kuwa Kiristoci ne, ba su kuma ɓoye ba cewa bisa sunan Yesu Almasihu suke aikinsu.

Shekara saba'in da ƴan kai ke nan ana wannan ma'amala. Ta isa a tsaya a duba: yaya mai bin addinin Kirista yake gaya wa maƙwabcinsa Musulmi abin da ya gaskata, a ƙasar da Musulunci ya yi saiwa, ba tare da zumunci ya tsinke ba?

Ƙasar malamai

Wanda zai fahimci nauyin wannan tambaya sai ya fara sanin ƙasar. Maratta, inda anka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, tana nan kusa da Galmi. Adar da Gobir Tudu ƙasar malamai ce da almajirai, ba ƙauyen da za a shiga a rasa masallaci da makarantar allo. A dā akwai Azna da yawa cikin duwatsun Adar, masu riƙe da al'adun kakanni, amma a cikin ƙarni na ashirin mafi yawansu sunka musulunta. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa cikin kowane mutum ɗari na Nijar, fiye da 99 Musulmi ne. Kiristoci ba su cika ko ɗaya cikin ɗari ba, a gundumomin Buza, Keita da Madawa kuma sun fi haka ƙaranci.

Su wane ne su? Akwai ma'aikatan gwamnati da anka turo aiki, malaman lakkwal, ma'aikatan likita, jandarmomi. Akwai baƙi masu sana'a da ƴan kasuwa daga Benin, da Togo, da kudancin Nijeriya. Akwai kuma ƴan gidaje na Hausawa ƴan ƙasa waɗanda kakanninsu ko iyayensu sunka karɓi addinin a hannun ƴan mishan. Waɗannan na ƙarshe su ke kiran kansu «masu bi». Hausa suke ji, da Hausa suke addu'a, tuwon hatsi da fura suke ci kamar kowa. Maƙwabcin mai bi sau da yawa ƙanen ubansa ne, ko ɗan gwaggonsa, ko abokin kaciyarsa. Saboda haka maganar addini a nan maganar cikin gida ce.

Zuwan ƴan mishan

Ƙungiyar da ta kafa likitar Galmi ana kiranta SIM. An fara ta a 1893, lokacin da samari uku, Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, sunka sauka a Ikko da niyyar shiga ƙasashen Sudan. Biyu daga cikinsu zazzaɓi ya kashe su ba da jimawa ba, Bingham kaɗai ya rage ya ci gaba. Ta Nijeriya ƙungiyar ta shigo Nijar: Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru kuma Tsibiri kusa da Maraɗi. Hukumar Faransa ba ta sake jiki da su ba, don Ingilishi suke ji, daga ƙasar Ingilishi kuma sunka fito. Su ma ba su ba da ƙarfi ga koyar da Faransanci ba. Da Hausa sunka yi wa'azi, da Hausa sunka koyar da karatu, musamman bayan da anka buga cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932.

Ɗarikar Katolika, wadda jama'a ke ce wa ta ƴan mompera, ta kafa gidanta na farko a Yamai a 1931. Ita ta fi mai da hankali ga lakkwal da ɗakunan shan magani. Tun 2001 jahar Tawa tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi.

Ƴan mishan na farko sun ɗauka wa'azin kasuwa zai wadatar. Sukan tsaya ranar kasuwa su karanta littafi, su rera waƙa, su nuna hotuna. Jama'a su taru su saurara cikin ladabi, don Bahaushe ba ya wulakanta baƙo, in an gama kowa ya kama gabansa. Shekaru sunka shuɗe, waɗanda sunka bi su ƴan kaɗan ne ƙwarai. Sannu a hankali sunka lura cewa ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce ta jinya. Daga nan likitan nan ɗan Amurka, Burt Long, da matarsa Ruth sunka zauna Galmi a 1950. A cikin shekarun nan kuma anka buɗe gidan jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi. A farkon mulkin kai masu bi ƴan ƙasa sunka kafa ekilisiyarsu, wadda anka sani da EERN, ragamar ta koma hannun ƴan Nijar.

Abin da gadon jinya ya koyar

A Galmi ba a tambayar majinyaci addininsa kafin a duba shi. Ana yi masa aiki, ana ɗaurin karaya, ana karɓar haihuwa mai gardama. Akwai kuma masu bishara da ke zagayawa ɗakuna, suna gaida marasa lafiya, suna yi musu addu'a, suna ba da labarin Yesu ga wanda ya so ji. Mai jinya yakan saurara, lokacin salla ya yi ya ɗauki butarsa ya yi alwala. In an sallame shi ya yi godiya, ya koma Buza ko Keita da addininsa.

Wannan shi ne abin da ya kamata a faɗa a fili, don ɓangarorin biyu kowa na da abin koyo a ciki. Dubun dubatar mutane sun kwanta a Galmi tun 1950, ƙasar Adar kuma tana nan Musulma kamar yadda take. Mai tsoron cewa allura da ƙwaya za su raba mutane da addininsu, tarihi ya kwantar masa da hankali. Mai zaton zai sayi zuciya da magani, shi ma tarihi ya ba shi amsa. Abin da likitar ta samu shi ne amana. A ƙauyukan Majiya, in anka ce Kirista, tsoho yakan tuna da wanda ya yi wa matarsa aiki tsakar dare. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Haka ya faru wajen noma. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ma'aikacin SIM a Maraɗi, ya sha wahalar dashen itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an bar wa kututture reshe biyu ko uku masu ƙarfi anka datse sauran, cikin ƴan shekaru sai ya koma itace. A yunwar 1984 anka haɗa wannan dabara da rabon abinci, daga baya manoma sunka riƙa koya wa juna da kansu. Ita ce ake kira sassaben zamani. Masana sun ƙiyasta ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Manoman da sunka ɗauke ta Musulmi ne, ba wanda ya ce musu sai sun sake addini kafin gawo ya tsiro a gonarsu.

Mutanen Adar kuwa sun daɗe da sanin bambancin taimako da addini. Sun ga ƙungiyar CARE ta dasa layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya tun 1975. Sun ga babban aikin Keita da anka fara a 1984 da kuɗin Italiya, inda mata sunka ɗauki duwatsu a ka anka farfaɗo da faƙo. Sun karɓi aikin kowa, sun gode, sun auna mai aikin da halinsa. Da wannan mudu ɗin suke auna maƙwabcinsu mai bi.

Wa'azin bakin ƙofa

Ɗan mishan baƙo ne, in wa'adinsa ya cika ya koma ƙasarsu. Mai bi ɗan ƙasa ba shi da inda za shi. Gonarsa na jingine da ta maƙwabcinsa, rijiyarsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Addininsa ya umurce shi ya shaida abin da ya gaskata, ba zai iya yin shiru har abada ba. Amma ya san kalma ɗaya marar kan gado tana iya rushe zumuncin shekara arba'in.

Saboda haka dattawan masu bi sun ɗauki wata hanya wadda duk mazaunin karkara zai gane. Ba a rasa su wurin suna, da ɗaurin aure, da zaman makoki. In anka yi rasuwa suna cikin masu gina kabari, ko da yake ba su shiga sahun salla. In anka kira gayya sukan fito da hauyarsu. Ranar Layya maƙwabta na aiko musu da nama su karɓa, ranar Nowel su ma su aika da shinkafa da miya gida gida. Mai bi da ya san ya kamata ba ya cin abinci a bainar jama'a da rana cikin azumi, ba ya shigo da giya ko naman alade unguwa. Wannan duka bai zama wa'azi ba tukuna, amma shi ke sa a saurari mutum in ya buɗe baki.

Maganar kanta takan zo ne da tambaya. Ana zaune a dakali bayan isha'i, ko a kan hanyar dawowa daga kasuwar Madawa, wani ya ce: shin ku me kuke faɗi game da Annabi Isa? A nan mai bi ke samun damarsa. Harshe ya sauƙaƙa masa, don kalmomin da yake amfani da su maƙwabcinsa ya san su tun yana yaro: Allah, annabi, zunubi, gafara, tuba, aljanna, ranar shari'a. Littafinsa na Hausa ma da sunan Allah yake kiran Mahalicci. Labarin Ibrahim, da Yusufu, da Musa, da Dauda, da Maryamu, kowa na da rabonsa a ciki.

Amma kusancin kalmomi ba ya gusar da bambanci, masu hankali na ɓangarorin biyu ba su kuma yin kamar babu shi. Musulmi na girmama Annabi Isa, alaihissalam, a matsayin manzo wanda anka haifa ba uba, sai dai ba su yarda an gicciye shi ba, ba su kuma yarda a ce Allah na da ɗa ba. Kirista kuwa gicciyewa da tashi daga matattu su ne ginshiƙin imaninsa. In hira ta kai nan, dattijo mai bi yakan faɗi nasa sau ɗaya, a fili, ba tare da ya taɓa mutuncin Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, ko Alƙur'ani ba. Maƙwabci ya faɗi nasa. Sau da yawa ma shi ne zai juyo ya kira mai bi zuwa Musulunci, don shi ma addininsa ya ɗora masa wannan nauyi, yana kuma ganin ƙauna ce ta sa shi. A yi sallama, gobe da safe a gaisa a bakin rijiya.

Farashin amsa kira

Akwai dalilin da ya sa masu bi na gari ba su gaggawa. Sun san abin da ke jiran wanda ya amsa. Tsarin mulkin 2010, wanda ya yi aiki har zuwa Yuli 2023, ya raba hukuma da addini, ya kuma ba kowane ɗan ƙasa ƴancin bin abin da ya gaskata. To amma zaman ƙauye ba takarda ke tafiyar da shi ba. Al'amuran aure da gado bisa al'ada ake yanke su, al'adar Hausawan Adar kuma ta ginu kan fiƙihun Malikiyya, inda bambancin addini ke hana gado, Musulma kuma ba ta zama ƙarƙashin wanda ba Musulmi ba. Saurayin da ya ce ya bi Yesu yana iya rasa gonar gidansu, ya rasa matarsa, ƴan'uwa su daina cin abinci ƙwarya ɗaya da shi. Iyayensa kuwa abin na zame musu kamar mutuwa, suna kuka don a ganinsu ɗansu ya yi hasarar lahira.

Wanda ya kira maƙwabcinsa zuwa wannan hanya, to, ya ɗauki kaya. In an kori yaron, gidan wa za shi kwana? Wa zai ba shi gona, wa zai ba shi mata? Ekilisiyoyi ƙanana na karkara sun san wannan nauyi, shi ya sa ake daɗewa ana koyar da mutum kafin a yi masa baftisma, ana kuma ƙarfafa shi ya ci gaba da girmama iyayensa, ya yi musu noma, ya kai musu gaisuwa ko sun juya masa baya.

Akwai kuma zargin da ba ya mutuwa, cewa da hatsi da kuɗi ake jan talakawa, musamman a shekarar yunwa. Zargi ne mai nauyi, maganinsa ɗaya ne: taimako ya zama na kowa, a raba shi a gaban maigari da liman, kada a rataya masa sharaɗi. Haka nan yara. Uba na da haƙƙin sanin abin da ake koya wa ɗansa, duk mai koyar da yaron maƙwabci addini a ɓoye ya ci amana, ko wane addini yake bi.

Ranar da wuta ta tashi

Nijar ta ga abin da ke faruwa in wannan ladabi ya ɓace. Bayan buɗe fagen dimokuraɗiyya a farkon shekarun 1990, sababbin ƙungiyoyin addini sunka yawaita ta kowane ɓangare, da lasifika, da kaset, da gidajen rediyo masu zaman kansu. Wa'azi ya tashi daga dakali ya hau iska, inda mai magana ba ya ganin fuskar mai saurare. A watan Nuwamba 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, anka kai wa majami'ar Vie Abondante hari. Baturiyar nan masaniyar tarihi, Barbara Cooper, wadda ta wallafa littafi kan Kiristocin Maraɗi a 2006, ta bi diddigin yadda salon wa'azi mai zafi na ɓangarorin biyu ya share fagen wannan rana.

Mafi muni ya zo a ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci. A Damagaram da Yamai mutum goma sunka rasa rayukansu, ƴan sanda kuma sunka ƙidaya majami'u 45 da anka ƙona a Yamai. Kiristocin Nijar ba su da hannu cikin abin da wata jarida ta yi a Paris, amma su sunka biya. Hukuma ta sa zaman makoki na kwana uku. Manyan malamai sunka yi tir da ɓarnar, shugabannin ekilisiyoyi kuma sunka ce sun yafe.

Cikin wannan baƙin labari akwai abin da bai kamata a manta ba. A unguwanni da dama Musulmi ne sunka buɗe ƙofofinsu sunka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci har ƙura ta lafa. Wanda ya yi haka bai yi don ya yarda da aƙidar maƙwabcinsa ba. Ya yi don ya san shi: sun yi zaman makoki tare, sun ci naman Layya tare, matansu na aron turmi. A ranar tsoro, zumuncin da anka tara a shekarun lafiya shi ya tsaya a bakin ƙofa.

Haƙƙin maƙwabtaka

Addinan biyu sun haɗu kan girman maƙwabci. Malaman Musulunci na karantar da cewa maƙwabci na da haƙƙi ko da ba Musulmi ba ne, kuma ba a tilasta wa kowa addini. Kiristoci na ɗaukar ƙaunar maƙwabci a matsayin doka ta biyu bayan ƙaunar Allah. Wanda ya riƙe wannan da gaske, ko liman ne ko mai bishara, ya san iyakarsa: nasa faɗi ne, shiriya ta Allah ce.

A yau wayar hannu ta shiga kowane ƙauye na Buza da Keita. Muryoyin masu wa'azi daga nesa, waɗanda ba su san Adar ba, ba su kuma da gona ko kabarin uba a cikinta, suna yawo ta WhatsApp, wasunsu cike da zagi da izgili. Matasan da ke zuwa cin rani Nijeriya, da Abijan, da Libiya na dawowa da labarun rigingimun wasu wurare. Ga kuma matsalar tsaro da ta dami sassan jahar Tawa. A irin wannan lokaci ɗan abin da dattawa sunka gina na bukatar tsaro kamar yadda ake tsaron shuka daga iska.

Aikin na kowa ne. Sarakuna da masu gari su riƙa kiran ɓangarorin biyu in ƙaramar magana ta taso, tun ba ta girma ba. Limamai da fastoci su san gidajen juna. Iyaye su koya wa yara cewa ɗan maƙwabci ba abin jifa ba ne don yana zuwa majami'a ranar Lahadi, ko don yana zuwa masallaci ranar Juma'a. Mai bi kuma da ke son maƙwabcinsa ya ji labarin Yesu, ya fara da zama maƙwabcin da za a yi kewarsa in ya tashi, ya faɗi gaskiyarsa in an tambaye shi, ya kuma karɓi «a'a» ba tare da ya rage ko ƙwayar hatsi cikin alherinsa ba.

Gobe da asuba motocin Buza da Keita za su sake tsayawa a ƙofar likitar Galmi. Za a sauko da tsoho mai ciwon ido, da mai naƙuda, da yaron da ya faɗo daga amalanke. Mai bishara zai zo ya gaishe su, ɗan rakiya zai shimfiɗa buzunsa ya fuskanci gabas. Zaman lafiya, in ji Hausawa, ya fi zama ɗan sarki. Allah ya zaunar da ƙasar Nijar lafiya.